Teburin da Ba a Zuba wa Abinci

Maman Nanret ba ta iya wuce abu ba tare da ta ji dalilinsa ba. Tun tana zaune a barikin soja a Jos matan layinsu suka san ta da wannan hali. In ta ga an ɗaura jan ƙyalle a ƙofar wani sai ta ji na mene ne, in baƙuwar mota ta tsaya sai ta san wa ta kawo. Kuma a yi mata adalci, ba gulma take yi da shi ba, abin da ta ji a cikinta yake kwana. Ita dai a faɗa mata, hankalinta ya kwanta. Shi ya sa da 'yarta Nanret ta haihu a Amurka ta aiko mata da tikitin zuwa wankan jego, 'yan Zumuntar Mata na cocinsu suka ce Allah ya ba mutanen can haƙuri, don za su sha tambaya.

Sun kuwa sha. Brenton ɗan ƙaramin gari ne a tsakanin Lanham da Greenbelt, wanda in kana cikin mota ka yi atishawa sai ka ga ka wuce shi. Nanret nas ce a wani asibiti, mijinta Katung kuma kullum da sassafe yake bin jirgin ƙasa zuwa Washington wurin aikinsa na kwamfuta. Cikin 'yan makonni Katung ya amsa tambayoyin da bai amsa ba tun da ya bar jami'a. Me ya sa kwandon shara biyu ne, ɗaya shuɗi? Me ya sa maƙwabcinsu, babban mutum da furfura, yake bin karensa da leda a hannu? Me ya sa ake shuka ciyawa a yi ta ba ta ruwa sannan a zo a aske ta, alhali ko akuya ɗaya babu a garin? Shi kuwa suruki ne, ba damar ya ce ya gaji. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, haka suke yi."

Ita kuma ta ce, "Na ga haka suke yi, Baban Yashim. Dalilin nake tambaya."

Da Nanret ta koma aiki, kullum da hantsi Maman Nanret takan saka jaririya Yashim a keke ta tura ta zuwa ɗan filin da ke gaban laburaren garin. A tsakiyar filin akwai wani baƙin dutse mai sheƙi da ya ɗan fi mutum tsayi, ga sandar tuta a gefensa, ga wata tsohuwar igwa mai koren fenti da yara ke hawa kamar jaki. An sassaƙa sunaye a jikin dutsen. Ba sai an gaya mata ba, ta yi zaman bariki, ta san sunayen sojojin garin ne da yaƙi ya ci. Takan bi su da yatsa tana karantawa a hankali. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, sunayen gaba kowanne da shekarar haihuwa da ta mutuwa, amma a gefen dutsen an ware wasu sunaye uku su kaɗai, kowanne da shekarar haihuwa, sai ɗan layi, sai fili. Ta tambayi Katung, ya ce wataƙila mai sassaƙar ne ya manta. Kallonsa kawai ta yi.

Ba banza ba dutsen nan ya kama ta. Mijinta, Kofur Gotau, yana cikin sojojin da aka kai Laberiya kwantar da tarzoma a 1990, lokacin Nanret tana goye. Abokansa suka dawo, wasu da ƙafafunsu, wasu a akwati, shi bai dawo ta kowace hanya ba. Wani ya ce ganinsa na ƙarshe a bakin wata gada ne. Wani ya ce da rai aka kama shi. Wani mara kunya ma ya ce ya ji ƙishin-ƙishin wai ya yi aure a can yana sayar da katako. Matar da ba ta iya barci in ba ta san dalilin jan ƙyalle ba, ita ce ta yi shekara talatin da ɗoriya ba ta san inda mijinta yake ba. Abin yana cin ta, kuma ba ta taɓa yarda wani ya kira shi marigayi a gabanta ba.

A nan suke samun saɓani da 'yarta. Nanret ta daɗe tana so a yi wa babanta sujadar tunawa a coci, a yi waƙa, a yi addu'a, a rufe maganar. Haihuwar nan ta sake tono zancen.

"Mama, yarinyar nan za ta girma ta tambaye ni kakanta," in ji Nanret wata rana da ta dawo daga aiki, ko kayan asibitin ba ta cire ba. "In ce mata me? In ce ya je Laberiya yana hanya?"

"Ki faɗa mata abin da kika sani."

"Ai ban san komai ba, Mama! Ni ba marainiya ba, ni ba mai uba ba. Fasto Jang ya ce duk ranar da muka shirya zai yi mana. Don Allah, kafin ki koma gida."

"Wa ya nuna wa Fasto Jang gawar mijina?"

Nanret ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa su, sai maganar nono da ruwan wanka, ga kuma lokacin komawar Maman Nanret gida yana matsowa.

Ana cikin haka watan Mayu ya yi nisa, filin ya fara canza kama. An aske ciyawa, an sake wa igwa fenti, an kafa ƙananan tutoci a bakin hanya. Wata safiya Maman Nanret ta tarar da wata tsohuwa baƙar fata, siririya, kanta fari fat, ta durƙusa a kan matashi a gefen dutsen tana goge ɗaya daga cikin sunayen nan uku da buroshin haƙori. Wannan kam ya fi ƙarfinta. Ta taka birkin keken, ta gyara ɗaurin zaninta, ta tattaro Turancinta na bariki, wanda ya sha manja amma bai taɓa barin ta a hanya ba.

Ta gaishe ta har da ɗan rusunawa. Tsohuwar ta ce sunanta Edna, ta tambayi nata. Sai da Maman Nanret ta ɗan yi jim kafin ta ce Constance, don rabon da wani ya kira ta da sunan nan har ta manta.

"Anti Edna, me ya sa buroshin haƙori?"

"Shi ne ke shiga cikin haruffan, 'yata. Tsumma sama-sama yake bi."

"Wannan jan furen takardar da kika maƙala a riga fa?"

Edna ta ce irin furen ne da ya tsiro a filayen daga na Turai bayan yaƙin duniya na farko, shi ya sa ake saka shi don tunawa da matattun sojoji. Ta ce Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu ita ce ranarsu, gari zai taru a nan.

"To amma surukina ya ce ranar gasa nama ce da rangwame a kantuna."

Edna ta yi dariya har ta dafa dutsen. "Shi ma bai yi ƙarya ba."

Maman Nanret ta sunkuya ta karanta sunan da ake gogewa, Alexander. Tambayar shekarar da babu tana kan harshenta, sai Edna ta shafa sunan da tafin hannu ta ce, "Yayana ne." Yadda ta faɗa ɗin ya sa Maman Nanret, karo na farko tun da ta sauka a ƙasar, ta haɗiye tambaya. Kafin su rabu Edna ta gayyace ta cin abincin rana ranar Asabar a zauren tsofaffin sojoji da ke bayan laburare. Ta ce kowa da tukunyarsa yake zuwa.

Ka ce wa 'yar Zumuntar Mata kowa da tukunyarsa, ai ka tsokano fitina. Ranar Asabar tun da safe gidan Katung ya cika da ƙamshi. Ta yi dafa-dukar shinkafa, ta soya kaji, ta toya waina a tandar da ta taho da ita daga Jos cikin akwati, ta haɗa zoɓo da citta. Katung ya kwashi kulolin ya sauke ta a ƙofar zauren ya wuce cefane. Ta riga kusan kowa zuwa, don matar soja ba ta san lattin biki ba. 'Yan mutanen da suka zo suna can baya suna fito da kujeru.

Ta ajiye kayanta a dogon teburin abinci, ta leƙa abin da wasu suka kawo: dankali mai sanyi da aka kwaɓa da farin abu, ganye ɗanye, wake da ta ɗanɗana ta ji sukari. Ta girgiza kai. Tana juyowa sai idonta ya faɗa kan wani ɗan tebur mai zagaye a kusa da ƙofa, shi kaɗai. Sauran teburan takarda aka shimfiɗa musu, farantansu na roba. Wannan kuwa farin ƙyalle ne na gaske da ya sha guga, farantin tangaran, kofin gilashi, kyandir, jan fure ƙwaya ɗaya a kwalba, ga Littafi Mai Tsarki a gefe. Kujera ɗaya tal, an jingina ta da teburin.

Nan take ta gane, ko in ce ta zaci ta gane. A gida ba taron da ake yi ba babban tebur, kuma ba a taɓa abinci sai an fitar da na babban baƙo. Wannan da gani wurin wani janar ne, ko bishop. Amma da ta matsa ta duba farantin sai ranta ya ɓaci: yankan lemon tsami guda da ɗan gishiri, shi ke nan. Kofin ma a kife. A ranta ta ce, a gayyato mutum babba guda a tare shi da lemon tsami kamar mai mura? Ta yanke cewa masu hidimar aiki ne ya sha kansu. Matar da ta tsare surukinta a kan ledar kare, yau ba ta tambayi kowa ba, saboda wannan karon ta tabbata ta fi su sanin abin da ya kamata.

Ta kwashe lemon da gishirin ta zubar, ta goge farantin da bakin gyalenta. Ta tula shinkafa, ta ɗora cinyar kaza biyu, ta jera waina a gefe, ta kawo wani farantin ta rufe saboda ƙuda, ko da yake ƙuda ko ɗaya ba ta gani ba. Ta juya kofin ta cika shi da zoɓo. Ta sauke kujerar ta ja ta baya kaɗan yadda mai ita zai zauna ba wahala. Sannan ta koma gefe ta harɗe hannu, tana jira ta ga wane ne wannan baƙo.

Mutane suka fara shigowa da hayaniyarsu. Duk wanda ya zo daidai teburin sai maganarsa ta yanke. Kafin ka ce me, zauren ya yi tsit. Wani dogon tsohon Bature mai sanda, hularsa cike da ƙananan lambobi, ya ratso jama'a ya tsaya a kan teburin, fuskarsa ta yi jawur. Shi ne Kenneth, shugaban tsofaffin sojojin garin.

"Wa ya taɓa teburin nan?"

Maman Nanret ta ɗaga hannu, har da murmushi, tana jiran godiya.

"Baiwar Allah, ba a taɓa wannan teburin," in ji Kenneth. "Ba a zama, ba a zuba abinci, ba a juya kofin. Shekara da shekaru haka yake."

Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Edna ta zo ta tsaya kusa da ita ta ce baƙuwarta ce, ba ta sani ba. Da wata ce da ta ba da haƙuri ta sulale. Maman Nanret ta ba da haƙurin, sau uku ma, amma hali ba ya jin kunya.

"Baba, ka yi haƙuri. Amma lemon tsamin na mene ne?"

Kenneth ya dube ta ya ga da gaske take. Ya ce, "Ɗacin abin da ya same su."

"Gishirin fa?"

"Hawayen iyalansu."

"Me ya sa aka kife kofin?"

"Domin ba za su sha tare da mu yau ba."

"To su waye su? Ni na zaci janar kuke jira."

Edna ce ta amsa, a hankali. Ta ce teburin na sojojin da suka tafi ne ba a ga gawarsu ba, ba a kuma ji sun mutu ba. Ta ce jirgi mai saukar ungulu da yayanta Alexander ke ciki ya tashi wata safiya a Vietnam a 1969, har yau ba wanda ya san inda ya sauka. Shi ya sa ba a rubuta masa shekara ta biyu a dutsen ba, shi da sauran biyun.

Maman Nanret ta laluba kujera ta zauna. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Duk shekarun nan tana ganin abin da ya same ta ba shi da suna, ba shi da wurin zama a coci ko a gidan makoki, sai ga wani ɗan gari a bayan duniya da ya yi wa abin tebur har da farin ƙyalle. Ta ji tausayin kanta, ta kuma ji wani irin sanyi a zuciya. Ta daɗe tana kallon farantin da ta rufe, sannan ta ɗago.

"Baba, tambaya ɗaya ta rage. Jiransu kuke yi, ko ba jiransu kuke yi ba?"

"Jiransu muke yi."

"To in Alexander ya turo ƙofar nan yanzu, da yunwar shekara hamsin a cikinsa, lemon tsami za ku ba shi?"

Ita kuwa bakinta ya riga ya buɗe. Ta ba su labarin Kofur Gotau da Turancinta mai manja, inda kalma ta ƙare mata ta cike da hannu. Ta ce tun ranar da ya tafi ba ta taɓa sauke tukunya ba ta fara ɗebe nasa ba. Tana da kwanonsa mai murfi, ta zuba tuwon ta rufe ta ajiye, da safe ta ɗumama ta ba Nanret ta ci ta tafi makaranta. Ta ce 'yarta da abincin babanta ta girma. Har yau, ko ita kaɗai ce a gida, hannunta ba ya yarda ya zuba nata kafin nasa.

Edna ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye, ta kuma komawa dariya. Ta ce, "Kenneth, ka san Alexander. Da lemon nan zai jefe ka." Kenneth ya cire hularsa ya juya ta a hannu, ya mayar. Ya ce doka doka ce, kuma gobe teburin zai koma yadda yake, amma yau a bar abincin har a tashi. Ya kunna kyandir ɗin da kansa, aka yi addu'a, aka ci abinci. Dafa-dukar ta ƙare tun dankalin nan mai sanyi bai kai rabi ba, kuma Maman Nanret ta lura da hakan sarai.

Da aka watse, Kenneth ya zo ya zauna kusa da ita da Edna, da waina a hannu, yana ci yana goge gumin cittar zoɓo. Ta tambaye shi yadda ake yin taron Litinin, ya zayyana mata. Ana kiran sunayen da ke gaban dutsen ɗaya bayan ɗaya, kowane suna a buga masa ƙararrawa sau ɗaya. In aka zo kan ukun nan na gefe sai a kira sunan a yi shiru, ba a bugawa, don ƙararrawar ta matattu ce. Daga ƙarshe a ba jama'a dama, duk mai soja a zuciyarsa ya kira shi.

"In sojan ba na ƙasarku ba ne fa?"

"Ya sa kaki? Ya tafi inda aka aika shi? To ki kira shi," in ji Kenneth. "Amma ni ne mai bugawa, sai kin gaya mini: in buga ko kada in buga."

Ta ce za ta gaya masa ranar. Da ya tashi, ta juya wajen Edna, wadda ke naɗe ragowar abincin teburin a takardar gwangwani za ta tafi da shi gida.

"Anti Edna, ke ba ki taɓa so a buga wa Alexander ba?"

Edna ta daina naɗin. "Kowace shekara nakan so, Constance. Na gaji. Ina so in yi kukansa sau ɗaya in huta. Amma mahaifiyarmu ta hana, har ta kwanta ciwon ajali tana cewa ɗanta yana hanya. Ita kaɗai ke da bakin cewa a buga, kuma ta tafi ba ta faɗa ba. Ni wace ce da zan kashe mata ɗa bayan ranta?"

Maman Nanret ba ta sake tambayar komai ba har Katung ya zo ɗaukarta. A mota ya yi ta jiran tambayoyin da ya saba, bai ji ko ɗaya ba, har ya fara tsoron ko ba ta da lafiya. Ita kuwa a zuciyarta 'yarta Nanret take hangowa, ta tsufa da farin gashi, a durƙushe a gefen wani dutse da buroshin haƙori. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ranar da motocin soja suka dawo bariki babu mijinta.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tarar da Nanret tana ninke kayan jaririya. Ta ce, "Gobe kina da aiki?"

"A'a, Mama, ina hutu."

"To ku raka ni filin nan, ke da Baban Yashim."

"Me za a yi a can?"

"In mun je kya gani."

Litinin ta waye da rana mai daɗi. Filin ya cika, tsofaffi a kujerun ninkewa, yara a kafaɗun iyayensu, tuta an sauko da ita rabin sanda. 'Yan makaranta suka busa badujala, ba laifi, ko da yake Maman Nanret ta ji wadda ta fi ta a fareti. Wasu tsofaffi suka jeru da bindigogi suka harba sama, Yashim ta firgita ta tsala kuka, Katung ya ɗauke ta yana jijjigawa. Sai aka fara kiran sunaye. Wata mata ce ke karantawa daga jikin dutsen, Kenneth na tsaye a gefe da ɗan guduma a gaban wata ƙararrawar tagulla. Suna ya fita, ƙararrawa ta amsa, a jira ƙarar ta mutu, sannan wani sunan.

Da matar ta zagaya gefen dutsen ta kira Alexander, Kenneth ya sauke hannunsa. Shirun ya yi tsawo har ana jin gurnanin motoci daga babbar hanya. Maman Nanret ta hango Edna a sahun gaba, tsaye ƙyam, ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu, ba ta kuka. Nanret ta raɗa wa uwarta, "Mama, me ya sa ba su buga wa wannan ba?" Uwar ta faɗa mata dalilin a taƙaice. Nanret ta daina kallon dutsen.

Aka ba jama'a dama. Wani mutum ya kira kawunsa, aka buga. Wata yarinya da tuta a naɗe a ƙirjinta ta kira mijinta, aka buga. Sai Maman Nanret ta miƙe. Ta gyara gyalenta, ta taka zuwa gaba, ta ɗaga murya yadda ake kiran suna a fareti.

"Kofur Gotau! Sojan Najeriya. Laberiya."

Nanret ta biyo ta da sauri ta riƙe mata hannu. "Mama?"

Kenneth ya ɗaga gudumar ya tsaya, idonsa a kan Maman Nanret. Filin gaba ɗaya ya tsaya tare da shi. Ta buɗe baki, Turancin da bai taɓa barin ta a hanya ba yau ya gudu ya bar ta. Ta tuna bakin gadar, ta tuna mai sayar da katako, ta san har ta mutu ba wanda zai faɗa mata gaskiyar abin da ya faru. Ta dubi 'yarta da ke riƙe da hannunta.

Da Hausa ta ce, "Buga, Baba. Ya isa haka."

Kenneth bai ji ba, ya juya wajen Nanret yana neman fassara. Nanret ta ce, "Ta ce ka buga."

Ƙararrawar ta yi ƙara sau ɗaya. Maman Nanret ta zaci ita ce za ta faɗi, har ta kafa ƙafa tana jira. Sai ga Nanret, nas guda, uwar 'ya, wadda ta rufe idon matattu da yawa a asibiti ba ta zubar da hawaye ba, ta zube a kan ciyawa tana kuka da ƙarfi tana kiran Baba, mutumin da ba ta taɓa sanin muryarsa ba. Uwar ta durƙusa a gabanta a tsakiyar baƙin mutane, ta kama kan 'yarta ta ɗora a ƙirjinta, ta faɗa mata abin da ta hana kowa ya faɗa mata tun tana goye.

"Sannu, Nanret. Sannu da rashin babanki. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata."